Inuwar Da Ake Saye Da Kuɗi: Zaɓen Tamfol Da Kula Da Shi

Duk wanda ya ratsa kasuwar Mil Goma Sha Biyu a Ikko da hantsi, ko ta Bodija a Badun, ko kuwa ta Dawanau a Kano, in ya ɗaga kai ba sararin sama zai fara gani ba, tamfol zai gani. Wani shuɗi, wani kore, wani ruwan toka. Wani sabo fil, wani kuwa ya tsufa har ya koma kamar rariya, rana na zubowa ta ƙofofinsa bisa tumatir da tattasai. A ƙarƙashin waɗannan ƙyallaye ne dubban 'yan'uwanmu ke yini suna neman abin sawa a baka, a ƙarƙashinsu ne kuma ake ɗaurin aure da raɗin suna da zaman makoki. Duk da haka da wuya ka sami mutumin da ke yi wa tamfol irin binciken da yake yi wa shadda in zai ɗinka rigar Salla.

Da ya isa wurin mai sayarwa, tambaya biyu kaɗai yake yi: nawa ne, kuma yana riƙe ruwa? To, a tambayar nan ta biyu asarar take farawa, domin ruwan sama ba shi ne babban abokin gaban rumfa ba. Rana ce ke cin ta, kullum, daga fitowarta har faɗuwarta, wata goma sha biyu cur. Ruwa da iska sukan zo ne kawai su tarar da aikin da rana ta riga ta gama, sai a ɗora musu laifi.

Kafin zuwan tamfol rumfar Bahaushe ta zana ce, ko ta karan dawa, ko tabarmar kaba da aka shimfiɗa bisa dirkoki. Ba ta hana ruwa sosai, gara ma ba ta raga mata, amma tana da wani hali guda da ya kamata mai karatu ya riƙe kafin mu ci gaba, watau tana numfashi. Iska mai zafi takan tashi ta fice ta tsakanin ciyawar, sai ƙarƙashin ya zauna da sanyi ko da tsakar ranar bazara ce. Buzaye makiyaya sukan ɗinka tantinsu da jemammun fatun awaki da tumaki, su riƙa shafa musu man shanu da jar ƙasa don kada su bushe su tsage. Larabawan hamada kuwa da gashin akuya suke saƙa nasu, saƙa mai 'yan ƙofofi da rani, in ruwa ya taɓa ta kuma gashin ya kumbura ya toshe su. Tamfol baƙo ne, har sunan nasa ma aro muka yi daga bakin Turawa. Ya bazu tare da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, da manyan motocin dakon kaya da cinikin gyaɗa, kuma dattawan da suka ga dalar gyaɗa za su tuna yadda akan lulluɓe ta da shi in damina ta gabato.

Auduga da leda

Tamfol na wancan zamani na auduga ne, mai kauri, mai nauyi, galibi ruwan kaki ko kore irin na soja, har yau kuma ana samunsa. A cikin dukan tamfol shi ne ya fi kusa da halin zana, gama yana barin zafi ya fita, ba ya gumi daga ciki, ba ya kuma damun mutane da ƙara in iska na kaɗa shi. Yadda yake hana ruwa daidai yake da na tantin gashin akuya: zaren auduga yana kumbura in ya jiƙe, saƙar ta matse. Saboda haka ne sabonsa yakan yi ɗan yoyo a ruwan fari, musamman a bakin ɗinki inda allura ta huda, mutum ya zaci an cuce shi. Ba cuta ba ce. A kafa shi, a jiƙa shi sharkaf, a bar shi ya bushe, a maimaita sau biyu ko uku, ƙofofin za su rufe da kansu. Yakan kuma ɗan tsuke bayan jiƙon farko, don haka mai hankali ba ya yanka shi daidai wa daida da awon rumfa. Rauninsa ɗaya ne, amma babba. Auduga tsiro ce, tsiro kuwa abincin fumfuna ne. Da an bar shi cikin danshi sai baƙaƙen ɗigo su fito, daga nan zaren ya ruɓe, wata rana a ja shi kaɗan ya kece kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Wanda ya cika kasuwanninmu a yau shi ne na leda, shuɗin nan mai araha. Ana yanka roba sili-sili a saƙa ta kamar buhun taki, sa'an nan a manna mata leda maras kauri ciki da waje. Ba ya ruɓewa, fumfuna ba ta cin sa, yaro ma ya iya ɗaukarsa. Amma a cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda shi ne ke koɗar da launin tufa in ta daɗe a kan shanya, kuma wannan haske yana tsinka jikin robar sannu a hankali. Da fari ledar waje za ta dushe, ta soma gari in ka shafa ta da tafin hannu, sai ta ɓare, saƙar ta fito fili, silin ya bushe ya yi ƙamas. Daga nan sai a jira iskar farkon damina. Mai araha ƙwarai wanda ba a zuba wa maganin rana ba, watanni kaɗan ke gama shi a fili.

Ba duk na leda ne ya taru ya zama ɗaya ba, kuma akwai ma'auni mai kyau da kowa zai iya gwadawa da shi. Tamfol ɗin da Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ke rabawa, irin wanda mutanen Barno da Yobe suka sani sarai, faɗinsa mita 4 ne, tsawonsa mita 5, nauyin kowace murabba'in mita kuwa wajen giram 190. Watau dukan shimfiɗar ta kusa kilo 4. Saƙar cikinsa baƙa ce, an rufe ta da farar leda, kuma ba don ado aka yi haka ba. Baƙin sinadarin, dangin kunkunniya ne irin wanda ya baƙanta tayar mota, shi ke shanye hasken nan mai ɓarna kafin ya ci zaren, farin waje kuma ya mai da zafi baya. To, in mai sayarwa ya miƙo maka mai wannan girma, ka ɗaga ka ji bai kai kilo 2 ba, ka san abin da ka saya. A jikin kunshin akan rubuta nauyin tare da haruffan GSM, waɗanda ba su da dangantaka da wayar hannu, giram ne a murabba'in mita. Haruffan UV kuwa na nufin an sa masa maganin rana. Sai dai takarda ba ta ƙin tawada, don haka a haɗa da ido da hannu: a ware shi a ɗaga wa rana, in haske na ratsowa har kana ƙirga saƙar, to ba inuwa ba ce, a taɓa bakinsa a ji ko an naɗe igiya a cikin kalmasa, a dubi zobban ɗauri, ko na tagulla ne ko na baƙin ƙarfe mai tsatsa. A kuma auna shi tun a gaban mai shi, gama awon da ke rubuce sau da yawa na kafin a kalmashe baki ne.

Sama da wannan akwai tamfol na manyan motoci, wanda saƙar foliyesta ce aka dalaye da roba mai kauri. Nauyinsa yakan kama daga giram 600 zuwa 900 a murabba'in mita, don haka mai girman na ɗazu zai wuce kilo 12, ba kowace rumfar gora ce za ta ɗauke shi ba. Ko ɗigon ruwa ba ya ratsa shi, yana kuma yin shekaru. Amma ba ya numfashi ko kaɗan, in aka kafa shi ƙasa-ƙasa sai ƙarƙashinsa ya koma tanda. Ƙanensa ne robar allunan talla da ake cirewa a sayar wa 'yan tireda, har ta kai bayan kowane zaɓe sai ka ga fuskokin 'yan takara sun koma yi wa albasa inuwa, wanda ya ci da wanda ya faɗi. Tana yin aiki, amma ba ta kai na mota kauri ko juriya ba.

Rumfunan zamani da ake liƙawa a saman taga da ƙofar otel ko banki, masu tsadar cikinsu da zaren akirilik ake saƙa su. Wani kamfanin Amurka mai suna Glen Raven ne ya fito da irin nasa a 1961 da sunan Sunbrella, yana kuma ba da lamunin shekara 10 a kan yadin rumfa. Asirinsa a rini yake. Ana zuba launin ne tun zaren yana ruwa, kafin a kaɗa shi, saboda haka launin ya ratsa har ciki. Bambancinsa da yadin da aka rina daga baya kamar na jan goro ne da gyaɗa: goro ko ka fasa shi ja ne, gyaɗa kuwa da ka murje ta sai fari. Sai kuma raga, koriya ko baƙa, wadda ake yi wa motoci da lambun renon tsiro inuwa da ita. Ana sayar da ita bisa yawan hasken da take tarewa, daga kashi 30 zuwa 90 cikin 100. Ta fi kowa sanyi, amma ruwan sama wucewa yake yi abinsa.

Wane gari kake?

Nijeriya ba ƙasa ɗaya ba ce a wajen rumfa. A Fatakwal ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 2,000, iskar kuma jiƙe take kusan kullum. A Sakkwato da Maiduguri kuwa a yawancin shekaru bai kai milimita 800 ba, zafi kuma kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Ɗan kasuwar da ya saba da tamfol na auduga a Gusau, in ya sauka da shi Anacha ko Warri, damina ɗaya ta isa ta nuna masa fumfuna. A can na roba ne ke da amfani, da zobban tagulla, domin iska mai danshi ba ta barin baƙin ƙarfe. A arewa mai nisa lissafin juyawa yake yi. A ganina, duk wanda rumfarsa za ta tsaya wuri ɗaya shekara da shekaru a Katsina ko Hadeja, na auduga ya fi masa, ko da kuɗinsa ya ninka na leda sau uku, gama a ƙarƙashinsa zai yini, kuma ba zai koma kasuwa sayen wani ba kafin shekara ta zagayo. Araha dai ba ta ado. Mutanen Jos su ma kada sanyin garinsu ya rufe musu ido. Garin yana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,200, hasken nan mai cin roba kuwa ƙaruwa yake yi in ana hawa sama, ga kuma ƙanƙara da kan sauka da damina.

Launi ma da maganarsa. Fari da mai ruwan azurfa suna mai da zafi, baƙi da kore mai duhu suna yin inuwa mai kauri amma su ɗauki zafi su sauko wa mutum da shi a ka. Mai sayar da yadi ko kayan miya yana da wani dalilin na daban na guje wa shuɗi, domin yakan canja wa kaya kama, tumatir mai kyau ya yi kamar ya kwana uku. Maganin zafi mafi sauƙi shi ne a ɗaga rumfar sama sosai, a bar gefe a buɗe. Da rani kuma, in aka shimfiɗa zana bisa tamfol na leda, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ƙasa ta yi sanyi, ledar kuma ta ɓuya daga rana.

Kafi da ɗauri

Rumfa da yawa a ranar da aka kafa su aka kashe su. Mai karatu ya yi wannan lissafi da kansa. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, lita ɗaya kuwa kilo ɗaya ce. Ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a kan tamfol mai murabba'in mita 20 ya zama lita 1,000, watau tan guda. In rumfar na da gangare, duk wannan zai wuce ya zube ƙasa. In a miƙe take sai tsakiya ta lotsa, ruwa ya taru, nauyinsa ya ƙara lotsa ta, wani ruwan ya ƙaru, har wani abu ya karye, ko yadi ko dirka. Gangaren ƙafa ɗaya a kowace ƙafa huɗu ya wadatar.

Iska kuwa, in gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfin da take tura rumfa da shi sau huɗu yake ninkawa, shi ya sa guguwar farkon damina ke yin ɓarnar da ba a zata ba. Tamfol da aka ɗaure sako-sako yana ta faɗi-tashi yini da kwana, kowace kaɗawa tana karya zare. A ja shi ya miƙe, amma kada a ɗaure shi ƙam da waya. Tsinken robar tsohon tif na mota ya fi, domin yana ba da kai in iska ta buga, ya dawo in ta wuce. Duk inda yadi ya taɓa kan dirka ko kusurwar ƙarfe a naɗa tsumma ko guntun taya. In zobe ya fita, kada a huda sabuwar ƙofa da wuƙa. A sa ɗan dutse mai santsi a cikin yadin, a tattare, a ɗaure igiya a wuyansa, wannan ɗauri ya fi zoben ma riƙo. Wurin maɗinki kuma a tambayi zaren da zai yi aiki da shi, gama ɗinki ne ke riga yadi mutuwa: zaren auduga ruɓewa yake yi, na nailan rana ke cin sa, na foliyesta mai kauri ya fi su daɗewa. In hadari ya haɗu baƙi ƙirin, rumfar da ake iya naɗewa a naɗe ta.

Wanki ba shi da wuya, sai dai mutane sukan wuce gona da iri. Ƙurar hunturu a busshe ake kakkaɓe ta da tsintsiya mai laushi, domin in aka fara zuba ruwa taɓo za ta zama ta shige cikin saƙa. Bayan haka sai ruwan sanyi da sabulu mai sauƙi, a ɗauraye sarai. Garin wanki mai ƙarfi yana wanke maganin hana ruwa da ke jikin auduga da akirilik. Ruwan bilic yana cin auduga, amma akirilik na jure shi in an sirka da ruwa mai yawa, kuma kada a kuskura a gauraya shi da wani maganin wanki, tururin da ke tashi guba ne. Fetur da kananzir kuwa, ko da tabon baƙin mai ne, kada su kusanci tamfol na roba, sukan tsotse abin da ke sa shi laushi, ya bushe ya tsattsage. Kashin tsuntsu da na jemage da 'ya'yan darbejiya a wanke su da wuri. Ko roba ce, wadda fumfuna ba ta ci, takan tsiro a kan daudar da ke bisanta.

Masu ba da hayar kanofi su ne suka fi kowa asara a wajen ajiya. An tashi daga biki da dare, raɓa ta sauka ko an yi yayyafi, yara sun gaji, sai a ninke a jefa a shago da niyyar a shanya gobe. Kwana ɗaya ko biyu cikin ɗumi sun isa fumfuna ta kama. Tilas a shanya har kalmasa da bakin ɗinki su bushe, gama su ne ke riƙe danshi bayan tsakiya ta bushe. A naɗe shi kamar tabarma ya fi a riƙa ninkewa a kan layi ɗaya, a kuma ɗora shi bisa katako nesa da ƙasa, saboda gara da ɓera. Ƙaramar yaga a tare ta tun tana ƙarama, da maho na irin yadin, wanda aka yanke wa kusurwa don kada ya ɗago. Na auduga a ɗinke a goga kakin zuma a kan ɗinkin, na mota a manne da gam ɗinsa ko da zafi, na leda kuwa gam na yau da kullum ba ya kama shi, sai ɗinki.

Wuta

Akwai wata dabara da ke yawo a bakin mutane, wai a narka kyandir a cikin fetur ko kananzir a shafe tamfol don ya daina yoyo. Yana dainawa kam. Amma da irin wannan haɗi aka shafe wani babban tantin 'yan wasa a garin Hatfod na Amurka, ran 6 ga Yuli 1944 wuta ta kama shi cike da 'yan kallo, cikin 'yan mintoci ya rufto, mutum fiye da 160 suka halaka, da yawansu yara. Alhazanmu ma ba su manta da gobarar Mina ta watan Afrilu 1997 ba, wadda ta cinye dubban tantunan auduga, ta kashe mutum fiye da 300. Bayanta ne hukumomin Saudiyya suka kafa tantuna na dindindin waɗanda aka saƙa da zaren gilashi aka shafe da Teflon, yadin da ba ya kama wuta da sauƙi. Manyan laimomi 250 da aka kammala a harabar Masallacin Madina a 2010, masu buɗewa da rufewa da kansu, yadinsu ma dangin Teflon ne.

Irin wannan yadi ya fi ƙarfin aljihun mai shayi ko mai tuyar ƙosai, don haka tazara ce abin da ya rage masa. Tamfol na leda ba ci kawai yake yi ba, narkewa yake yi yana ɗigo da wuta a kan mutane da kaya. Murhu da tukubar tsire da janareta su zauna a wajen rumfa, ta ɓangaren da iska ke tafiya da tartsatsi, wayar lantarki kuma kada a nannaɗe ta a jikin ƙarfen rumfa, ƙwan fitila mai zafi ya rataya nesa da yadi.

In tamfol ya gama aikin inuwa, sau da yawa da sauransa. Ɓangaren da bai ci rana ba ya isa rufin itacen girki ko buhunan siminti. Wanda ledarsa ta soma gari kada a shanya hatsi ko barkono a kai, gama garin robar zai bi abincin, haka nan robar allon talla ta fuskar da aka buga wa tawada. Na mota kuwa in ya mutu ba a cusa shi a murhu ko a ƙona shi a tsakar unguwa, hayaƙinsa na ƙona ido da maƙogwaro, yana kuma ɗauke da guba.